Ranar Da Na Tsallaka Rafi Da Tutar Gidanmu

Shekarun baya, cikin daminar wata shekara a shekarun saba'in, ina koyarwa a wata firamare a Gusau, aka ce za a baje kayan tarihi don yara su gani. Ni da bakina ba ya shiru na ce ai gidanmu akwai tutar da kakan mahaifina ya riƙa fita yaƙi da ita. Hedimasta ya ce in kawo ta. Sai a lokacin na tuna ko ni sau biyu na taɓa ganinta.

Na tafi ƙauyenmu, can bayan Kwatarkwashi. Baba ya saurare ni, sannan ya tura ni in yo alwala. Ya fito da tutar daga kubenta na fata. Farin saƙi ce da ta koma ruwan ƙasa don tsufa, da ayoyi rubuce da tawada.

"Wagga tuta ba ta taɓa ƙasa," in ji shi. "Ba a tsallake ta, ba a buga mata ƙusa, ba a taɓa ta ba alwala. In za ka kafa ta, ta ɗara kan mai kallo. Ruwa kuwa, ɗigo guda ya isa ya wanke rubutun. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Abokina ne ya zo ɗaukata da a-kori-kurarsa. Kirista ne, ɗan kudu, yana sayar da kayan gini a Sabon Gari, Hausarsa har ta fi ta wasunmu. Muka taso hadari ya haɗu ta gabas. Kafin a hau babban titi akwai wani rafi da ba gada, mota ta cikin ruwan take bi. Muka tarar ya kai gwiwa. Ya ce za mu wuce. Muna tsakiya injin ya yi tari, ya mutu.

Sai muka ji wani ruri daga sama, ba na aradu ba. Ashe an yi ruwa a kan duwatsu, ga shi nan tafe, ja wur, da itatuwa. Motar ta fara motsi da kanta.

"Malam, fito!" ya daka mini tsawa.

Ban iya iyo ba. Na diro da kuben a hannu, na ɗaga shi sama da kaina. Ruwan ya kama ni a ƙugu, sanyi kamar ana yanka ni.

"Ba ni kayan nan ka kama kafaɗata!"

"Ba a taɓa ta ba alwala!" Wallahi abin da ya fito bakina ke nan, ina kuka.

Ya dube ni kamar zai mare ni. Sai ya ce, "To riƙe tutarka, ni in riƙe ka."

Ya damƙi wuyan rigata ta baya. Muna tafiya yashi yana zarewa ƙarƙashin ƙafata. Ruwa ya kai ƙirji. Wani reshe ya doke ni a haƙarƙari, ƙafata ta goce, na nutse har hanci. Na sha ruwan laka, na ga duhu, na yi kalmar shahada a zuci. Hannuwana dai suna sama, ban san abin da ya hana su saukowa ba. Haka ya ja ni kamar akuya har gaɓa. Motar kuwa sai washegari manoma suka jawo ta da shanu.

A nan bakin gaɓa na buɗe kuben. Ko ɗigo bai shiga ba.

A makaranta na ɗaure ta a doguwar gora da zare mai laushi, na tsaya gindinta wuni guda, zazzaɓi na cina, ina hana yara miƙa hannu. Abokina ya zo, ya cire hularsa, ya kalle ta daga nesa, ya ce, "Ashe wannan ce ta so kashe mu."

Da na mayar da ita, labari ya riga ni isa gida. Na miƙa wa Baba ina jiran yabo. Ko buɗewa bai yi ba, ya ajiye ta bisa gadonsa, ya kamo hannuna.

"Mi ya sa ba ka sake ta ba?" in ji shi. "In ta tafi, zan yi baƙin ciki har in mutu. Amma in kai ka tafi..." Sai ya ƙara damƙe hannuna.

Yau tutar tana hannuna, Allah ya ji ƙan Baba. Duk sharuɗɗansa ina kiyaye su, kuma na koya wa 'ya'yana. Sai dai na ƙara musu sharaɗi guda nawa na kaina: kada wanda ya kuskura ya mutu dominta. Ni kuwa har yanzu, in mota ta doshi rafi da damina, sauka nake in jira, ko da fasinjoji za su yi mini dariya.