Ranar da Inna Ta Kira Sunan Yaya

Yayana ya rasu bara da azumi. Da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, a ƙarƙashin riguna muka tarar da tsohon fasfo da wata takarda mai dangwalen yatsa. 'Ya'yansa ba su san ta ba. Ni na san ta.

A lokacin muna Fagge, ni ina ɗinki a rumfa, shi yana koyarwa a elementare. Sai aka zaɓe shi ya tafi Ingila ƙarin karatun malanta. Da yake ba shi da halin barin aji, zirga-zirgar takardun fita ta dawo kaina. Kullum ina kan keke tsakanin ofisoshi. Ran wata Asabar na kai shi Sabon Gari wajen wani Bayarabe mai hoto, wanda ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle yana cewa, "Malam, rufe baki, Turawa ba sa son haƙori a fasfo." Sau uku ana sakewa, don Yaya ya kasa daina dariya. Na kuma ɗinka masa kwat, wadda daga baya ya rubuto cewa ko sanyin yini guda ba ta tare masa ba.

Abu ɗaya ya rage. Ba mu da takardar haihuwa, kuma in babu ita ba fasfo, ba izinin shiga ƙasar. Aka ce sai uwa ko uba ya zo ya yi rantsuwa, ya faɗi sunan yaro da lokacin da aka haife shi. Baba ya riga ya rasu. Saura Inna.

Yaya ɗan fari ne. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ba. "Wancan" take ce masa. Ko tuwo za ta ba shi, ni take miƙa wa. Da na faɗa mata abin da ake nema, ta ce in tafi da Kawu. Na tafi da Kawu, aka dawo da mu, aka ce ai uwar tana raye. Wannan ran Laraba ne. Jirgin ƙasan da zai kai Yaya Ikko ya riski jirgin ruwa, Litinin zai tashi.

Ran Alhamis da hantsi na ga ta fito da mayafinta na unguwa. Ta wuce gaba, na bi ta. Yaya ya nemi izini a makaranta ya biyo mu.

Akawun ofishin da ake rantsuwar Kirista ne daga wajen Zariya, Hausa a bakinsa kamar tamu. Yana ganin yadda Inna ta juya wa Yaya ƙeya ya gane.

"Inna, ɗan fari ne, ko?"

Ta kau da kai.

"Tawa uwar ma haka take. Sunana sai dai ta ji a bakin maƙwabta. Amma Baturen nan ba ruwansa da kunya, da kunnensa yake son ji."

Aka shigar da mu. Baturen ya yi tambaya, akawu ya fassara. Lokacin haihuwa bai ba ta wuya ba. Ta ce da kaka ne, ana ɗaukar gyaɗa, damina biyu kafin ta haife ni. Suka lissafa suka rubuta. Sai aka zo kan suna.

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Baturen ya duba agogo. Na dubi Yaya, ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa. A hankali ya ce wa akawu, "A bar ta, Malam. Baɗi ma akwai jirgi."

Ban san ko wannan ne ya taɓa ta ba. Ta juya ta fuskanci bango, ta faɗi sunan, cikakke, har da na Baba. Ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba: "Ɗana ne. Ni na haife shi."

Akawu ya kama babban yatsanta ya dangwala. Ya ce, "Inna, yau kin yi abin da tawa ba ta yi ba."

Ta ce, "Kai ma rufe mini baki."

A hanya Yaya ya rinƙa tafiya kamar zai tashi sama. Ya tsaya wajen mai rake ya saya wa duk wanda ke wurin. Inna ta ce da ni, "Gaya wa wancan ya riƙe takardar da kyau, kada ya sa in sake."

Ba ta je tasha ba. Dakakken yaji ta ba ni a gwangwani in kai masa. Ya tafi, ya yi shekara biyu, ya dawo, kuma har Inna ta bar duniya ba ta sake kiran sunansa ba.

Shi kuwa har ya yi furfura, in muna zaune mu biyu, yakan taɓa gwiwata ya ce, "Kai ma ka ji ran nan, ko?" In ce na ji. Ya yi dariyar nan da ta wahalar da mai hoto.

Na roƙi 'ya'yansa su bar mini takardar, suka bar mini.