Saura Waya Ɗaya, Yaya Ja'afar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, wadda ta zo daidai da 14 ga Rajab, Allah ya karɓi ran yayana, Dokta Ja'afar Sani Funtuwa, likitan haƙori a nan Doha. Ya idar da sallar la'asar zai koma ɗakin duba marasa lafiya, sai ya ce wa abokin aikinsa ƙirjinsa ya riƙe, ya nemi benci ya zauna. Kafin magariba an kira ni a asibitin da nake aikin jinya. Washegari aka yi masa sutura a nan, nesa da kabarin iyayenmu.

Bari in fara da amsa tambayar da kusan duk wanda ya bugo waya ya yi mini, wasu a fili, wasu a kaikaice. A'a, ba wutar lantarki ce ta ja shi ba. Zuciya ce. Da farko tambayar ta riƙa ɓata mini rai, daga baya na ga ba su yi laifi ba. Duk wanda ya san Yaya a shekarun nan na ƙarshe, ya san shi ne kwance a ƙarƙashin karafan da tocila a baki.

Yaya, ga mutanen gida da za su karanta wannan, sai na yi bayani. Karafan ɗaki ne mai taya da ake ja da mota, da gado da kicin da banɗaki a ciki. Idan sanyi ya shigo ƙasar nan, mutane kan ja nasu zuwa rairayin Silain, bakin teku, su kafa sansani har wajen Afrilu. Kai ma ka je ka sayo naka a hannun wani, ƙirar Amurka, fari fat, da zanen duwatsu a gefe. Ranar da ka tsaya da shi a ƙofar gidanka a Mu'aither, na zagaya shi na ce kyan ɗan maciji ke gare shi. Ka ce ni dama tun ina yarinya ba na yabon abu sai ya tsufa.

Ban san na faɗi gaskiya haka ba. Idan aka kunna fitilar ƙofa, famfon ruwa ne ke tashi. Allon da ke nuna yawan ruwan tanki kullum cewa yake a cike yake, ko da ba ɗigo. Hannun ƙofa kuwa, in ka taɓa shi ba takalmi da safe, sai ya ɗan tsikare ka, har ɗanka Mashud ya koyi buɗe ta da gwiwar hannu. Wutar Amurka rabin ƙarfin tamu ce, wanda ya riga ka mallakarsa kuma ya sa an juya wasu soket ɗin zuwa irin ta nan, aka bar wasu yadda suke, ba alama ba komai. Butar shayi da ta kamata ta tafasa nan da nan sai ta yi ta gunaguni har a manta da ita. Da ka fara kwance bango, abin da ka tarar ya fi haka: garin katako da guntayen waya da masu ƙira suka share suka tura ciki suka rufe, da wayoyi a cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana.

Matarka, Anti Nasiratu, ta ce ka mayar musu da kayansu. Ni na ce araha ba ta ado. Kai kuwa ka yi dariyar nan taka da ba ta fitar da sauti, ka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kai yanzu ka fara sanin naka.

Mutane sun ɗauka sha'awa ce irin ta mazan da suka fara furfura. Mu na cikin gida mun san don wa ka saye shi. 'Yarka Bilqis tana da sikila. Sanyi kaɗan ya ratsa ƙashinta, sai mu kwana uku a asibiti tana cizon filo. Tun tana ƙarama take jin 'yan ajinsu suna labarin kwana a rairayi, ita kuwa iyakarta yini. Da rana ta yi ja, kai za ka tashi daga cikin hira ka ɗauki makulli, ka naɗe ta a bargo ka kai ta gida, ta bar ƙaninta da sauran yara suna hura wutar gashi. Ba ta taɓa yin kuka ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sai dai ta juya ta yi ta kallon baya har sansanin ya ɓace.

Alkawarin da ka yi mata ɗaya ne: za ta kwana a bakin tekun nan, a ɗaki mai ɗumi, ta ga wayewar gari da idonta. Sharaɗin da ka gindaya wa kanka shi ma ɗaya ne: ba za ta kwana ba sai ka yarda da hitar da ke ɗumama ɗakin kamar yadda ka yarda da hannunka. Hitar kuwa ita ce babbar mara kunya a cikinsu. Ta yi aiki lafiya lau tun daga isha'i, sai can gab da asuba, lokacin da sanyi ya fi cizo, ta ɗauke. Haka muka yi sanyi uku.

A nan Malam Iliasu ya shigo rayuwarmu. Mutumin Zangon Kumasi ne, mai gyaran wuta a wata gona a Umm Salal inda kake ajiye karafan idan zafi ya zo. Ka cire masa haƙorin da ya hana shi barci, shi kuma ya ce zai duba maka wayoyi, daga nan kuka zama kamar tare aka haife ku. Ranar farko ina wurin, na kawo muku abinci. Ku biyun duk kun tashi da sanin cewa jar waya ce mai wuta, baƙa ba ta da cuta, don haka ake yi a Funtuwa, haka ake yi a Kumasi. Malam Iliasu ya kai hannu ya kama baƙa hankalinsa kwance, sai ga shi zaune a ƙasa yana yarfe yatsu.

"Dokta," in ji shi, "wannan waya baƙi ne amma shi na cizo."

Ashe a ƙirar Amurka baƙar ce mai wuta, farar ce lafiyayya. Wanda ya yi juyin nan kuma ya ƙaro wayoyi masu launin ruwan ƙasa da shuɗi. Ƙasa uku a bango ɗaya, kowace da dokarta. Ka ce masa to daga yau ba a yarda da launin kowa, sai an gwada. Kuka yi ta dariya, ni kuwa ina tsaye da kula a hannu ina tunanin a cikin wannan abin ake so a kwantar da yarinya mai sikila.

Ban ɓoye maka ba, kuma har yau ban janye ba. Ni nake riƙe da hannunta in ciwon ya tashi, ni na san yadda jijiyarta ke ɓuya in ana neman ta. Na sha ce maka kwana ɗaya a rairayi bai kai a yi caca da ƙashin yarinya ba. Ba ka taɓa yi mini gardama ba. Cewa kake, "Rukayatu, ke ce birki, ni ne totur, mota ba ta tafiya sai da mu biyu." Sannan ka ɗauki jakar kayan aikinka ka fita.

Hannun da ya saba da bakin mutane ya yi maka rana. Ɗan madubin nan na duba haƙori da shi kake leƙa bayan bango. Ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ka naɗa wa kowace salatif da sunanta. Ka gano wayar ƙasa da aka ɗaure a kan fenti maimakon ƙarfe, ka kankare ka ɗaure, hannun ƙofa ya daina tsikara. Ka raba fitila da famfo. Duk Alhamis ɗin da ba ka da aiki sai ka tafi ka kwana kai kaɗai, da singileti, ba bargo, wai don jikinka ya gaya maka gaskiya in hitar ta ɗauke. Ka dawo da mura, Anti Nasiratu ta dafa maka citta tana faɗa.

Kuma ba naka kaɗai ka gyara ba. A sansanin nan, duk wanda fis ɗinsa ya ƙone ko batirinsa ya mutu, "Dokta" yake kira. Akwai wani dattijo Balarabe da ka hana shi haɗa sabon karafan ɗinsa da janareta kai tsaye, don irin naka ne. Ya zo gaisuwar rasuwarka, ya zauna hawaye na zuba a gemu. Sababbin zuwa daga gida, waɗanda ba su san gabas ba, kai ne mai ɗauko su a filin jirgi. Ni kaina kai ka cika mini takardu, ka saukar da ni a ɗakin Bilqis har na tsaya da ƙafata. Ina kewarka, Yaya. Ina kewar kiran da kake mini in na sauka daga aiki, ba gaisuwa ba komai, sai "Kin ci abinci?"

Bayan addu'ar bakwai Malam Iliasu ya zo gidan. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi wa Anti Nasiratu gaisuwa ta bayan labule, sannan ya ce yana son magana da ni.

"Sista, Jumma'a kafin ya rasu, ni da Dokta mun gan abin da ke kashe hita. Sukuru ne. Masu ƙira sun buga shi ya shiga cikin waya, ƙarƙashin gadon yarinya. In sanyi ya yi, ƙarfe ya motsa, wuta ya yanke. Dokta ya sayi sabon waya, shi na cikin mota. In kin ba ni izini, ni ja shi, khalas, shi ke nan."

Ban san Bilqis tana bayana ba sai da na ji muryarta. "Goggo, dama Baba ya ce saura waya ɗaya."

Ka san halin ƙasar nan. Zaman iyalinka a kan aikinka yake. Da Anti Nasiratu ta fita takaba za su tattara su koma Funtuwa, inda ba teku ba rairayi. Wannan sanyin shi ne na ƙarshe. Uwar Bilqis ba ta da halin kwana a waje saboda takaba, ta dube ni ta ce duk abin da na yanke shi ke nan. Yaya, ka tafi ka bar ni da abin da ban taɓa riƙewa ba. Ni na saba cewa a'a ne saboda na san kana nan za ka ce e. Ranar na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Na ce wa Malam Iliasu ya ja wayar. Ya ja, ya kwana biyu a ciki yana gwadawa, ya ƙi karɓar ko sisi. Na kira likitar Bilqis, ta ce in dai da ɗumi da ruwan sha a kusa, a bar ta. Ranar Alhamis da ta wuce muka tafi, ni da ita da Mashud. Na cika jaka da magani, na juya mota ta fuskanci hanya. Malam Iliasu ya kafa tantinsa kusa da janareta. Ban runtsa ba, hannuna yana kan bakin hitar har aka kira sallah. Ba ta ɗauke ba.

Da muka idar, Bilqis ta sa safa biyu da rigar sanyinka, ta buɗe ƙofa ta tsaya. Tekun ya yi lamo kamar madara a ƙwarya, rana tana fitowa daga cikinsa, tsuntsaye farare sun jeru a bakin ruwa. Ta ƙura wa tekun ido. Na matsa na taɓa yatsunta, da ɗuminsu.

"Goggo," ta ce, "ashe Baba wayo yake mini. Duk sanda na tambaye shi yadda safiya take a nan, sai ya ce ba wani abu ba ne, yashi ne kawai da ƙuda."

A nan na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar Talatar nan, ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri. Ta kwana, Yaya. Ta kwana lafiya, ta tashi lafiya, har yau ba inda ke mata ciwo. Abin da na zauna in rubuta maka ke nan, don na rasa inda zan kai labarin.

Ya Allah, ga bawanka Ja'afar ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya hana kansa bargo don 'yarsa ta ji ɗumi, ka lulluɓe shi da rahamarka. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, tare da iyayenmu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Nasiratu, Allah ya ba ki haƙuri da ladan takaba. Ga Bilqis da Mashud, Allah ya raya ku ya yi muku albarka, ya zama gatanku. Ga 'yan'uwa a Funtuwa, da abokan aikinsa, da jama'armu ta Nijeriya da ta Gana a nan Doha, da Malam Iliasu wanda ya rasa ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri ya ba mu dangana baki ɗaya. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ƙanwarka,
Rukayatu Sani Funtuwa
Mu'aither, Doha