Gadon da Muka Haɗa a Cikin Tirela

Shekarar da aka samu 'yancin kai, Baturen da mijina ke yi wa direba a Nassarawa ya koma ƙasarsu. Ya bar tsohuwar tirela a bayan gida, wani ɗakin kwano mai taya da yake ja da mota in zai fita rangadi. Lokacin tarin fuka ya riga ya kama Malam, mijin nawa. Kuku da mai gadi suka ce ba za su zauna da shi a baskwata, ɗakunan masu aikin gidan, ba, sai muka koma cikin tirelar.

Da rana kwanon yakan yi zafi kamar tanda, da asuba kuma sanyi ya tayar masa da tari. Na aika unguwar Giginyu aka kira ƙanena, kafinta ne. Muka cusa audugar rimi a buhunan gyaɗa, muka jera jikin bango, ya rufe da katakon akwatuna. Sannan ya auna gado.

"Yaya, ba zai iya kwanciya a miƙe ba," in ji shi. "Bari in ɗaga wajen kai."

Malam ya hau ya jingina, ya ce bai taɓa samun gado daidai bayansa ba sai yau. Bai kai damina ba ya rasu.

Wanda ya karɓi gidan bayan Baturen ya ce a kwashe komai a ƙona saboda cutar. Gadon ya ƙi fita ta ƙofa, domin a ciki aka haɗa shi. Ƙanena ya sa masa gatari, ni kuma ina miƙa katakon waje.