Neman Muryar Kaka a Erdington

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Rusholme, ni da Abba, ana yayyafi. Shagunan Wilmslow Road duk a rufe suke, sai wani mutum shi kaɗai yana wanke ƙofar gidan abincinsa. A tashar mota Abba ya saya mini sanwici, ya dubi farashin, ya ce a Kano da wannan kuɗin har maƙwabta sai sun ƙoshi.

Kakana ne ya sa muka yi tafiyar nan. Mahaifin Abba ne, ya zo Ingila karatu yana saurayi, ya faɗa cikin masu wani salon kiɗa da ake kira blues a Birmingham. Hamonika yake busawa, ɗan ƙaramin abin busa da ke ɓuya a tafin hannu. Da ya dawo daga aikin Hajji sai ya tattara kaset-kaset ɗinsa ya ƙone, bai sake zancen ba har ya rasu, tun ba a haife ni ba. Kwanakin baya na ji Abba a kicin yana gaya wa Umma, a hankali, wai ya manta yadda muryar mahaifinsa take. Bayan nan aka ba shi labarin wani dattijo a Erdington, wata unguwa a Birmingham, da ya daɗe yana naɗar wasannin da ake yi a gaban jama'a.

Mota ta kama hanya. Na riƙa kallon tumaki suna tsaye cikin ruwan sama kamar an hukunta su. Daga tsakiyar Birmingham muka hau bas, muka sauka kusa da kasuwar Erdington, muka hau benen da dattijon yake zaune.

Dattijon ɗan asalin Jamaika ne, ɗakinsa na ƙamshin citta da tsohuwar takarda. Bango guda kaset ne, na kusa da shi faya-fayan CD. Kafin ya kai mu ga abin da muka zo nema, sai da ya sa mana waƙa guda sau uku: wani mai jita ya rera ta, ɗansa ya rera ta, sannan jikarsa, wadda aka ɗauki tata da waya bara. Na farkon duk shuuu ne da ƙarar kofuna, wata mata tana ta tari. Shi na fi so. Ya ce mai jitar da ɗan duk sun mutu, gidan wasan da aka naɗi na farkon kuma yanzu wurin sayar da katifu ne.

"Babanka akwai surutu!" ya ce wa Abba da Turanci. "Kafin kowace waƙa sai ya ƙwace makirufo ya hau ba da labari, har mai ganga ya gaji ya katse shi."

Abba ya matso bakin kujera. Aka sa kaset. Tafi, sai ƙas, sai kiɗa. Waƙa ta ƙare, tafi, ƙas, wani kiɗan. Haka har aka juya kaset ɗin.

"Ina labarin?" Abba ya tambaya.

Dattijon ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce a lokacin kaset na da tsada, kuma ba ya daɗewa yake cika, don haka da an tsayar da kiɗa shi ma yake danna maɓalli ya tsayar.

"Kiɗa na je ɗauka, ɗana. Ban san surutun za a zo nema ba."

Ya gwada wasu kaset ɗin, duk haka suke. Abba ya yi godiya, ya fara laluben hularsa. Ni ba na iya magana a gaban baƙi, sai na ja hannun rigarsa.

"Abba, a mayar baya kaɗan. Kafin Kaka ya busa."

Aka mayar. Can ƙarƙashin jita akwai mutum yana jan iska ta hanci, doguwa, da ɗan fito a ƙarshenta, sannan hamonika ta shigo tana kuka. Abba ya rufe ido.

"Shi ne. Haka yake yi in zai yi mana faɗa."

Ya yi 'yar dariya, daga nan ya juya fuskarsa wajen taga. Dattijon ya tashi wai zai dubo shayi, alhali ga shayin a gabanmu.

Mun tsaya unguwar Sparkbrook muka yi azahar, muka shiga wani gidan abinci a Stratford Road. Na ci shinkafa da kaza mai yaji. Abba ya yi ta juya tasa da cokali har ta huce.

La'asar sakaliya muka iso gida da kwafin waƙoƙin a wayarsa. Umma ta tare mu a ƙofa.

"An dace?"

"Ba murya," in ji Abba, ya wuce ɗaki.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai yi mini daɗi ba. Kaka ya ƙone kiɗansa don yana ganin shi ne daidai, dattijon ya yanke maganarsa don yana ganin ba ta da amfani, kuma ba wanda ya yi da mugunta. Har yanzu ina jiyo waƙar daga ɗakin Abba. Ba ya barin ta kai ko'ina, sai ya mayar da ita farko, inda jan iskar nan take.