Ranar da Alƙali Ya Tambayi Yaya

Yaye aka kai ni gidan Inna, a wani ƙauye gefen Roni. Mako biyu aka ce, sai ga shi na shekara bakwai. Ni dai a sanina Inna ce ta haife ni, Baba tsoho kuma ubana. Akwai wata da nake kira Yaya, tana aure a Gwiwa. In ta zo ganin gida ba ta kallona, ba ta kiran sunana, sai dai "ke yarinya". Haushinta nake ji, wallahi.

Lokacin da kuɗin man fetur suka fara yawo, wani mutum ya zo a kan sabon babur, ya ce shi baffana ne, ƙanin ubana marigayi, zai tafi da ni Kano. Wane marigayi kuma? Ga ubana can yana gyaran fartanya! Baba tsoho ya ce ba inda za ni. Baffa ya kai ƙara Kazaure.

A gaban alƙali ya zaro wata takarda mai nuna ni 'yar ɗan'uwansa ce. Aka tambayi Inna tata.

"Allah ya gafarta Malam, takardar me? Ashe goyo ma rubuta shi ake yi?"

Alƙali ya ce in uwa ta sake aure, riƙo yana komawa hannun uwar uwa, amma yana so uwar yarinya ta faɗa da bakinta. Na ɗaga kai ina jiran Inna ta yi magana. Sai na ji an kira Yaya.

"Wannan 'yarki ce?"

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ce 'yar fari, kuma a wurinmu mace ba ta amsa ɗan fari a gaban mutane, balle gaban iyayenta. Lokacin ban san wannan ba. Na dai ga Baffa yana murmushi, Inna tana zungurin Yaya da gwiwar hannu tana raɗa mata, "Yau ba ranar kunya ba ce, 'yar nan, za su ɗauke ta!"

Sau uku alƙali yana tambaya. A na ukun, daga cikin mayafi, Yaya ta ce, "Ta Inna ce."

Alƙali ya juya ya ce wa magatakarda, "Rubuta, uwa ta amsa. Bare ba ya jin wannan nauyin."

Aka bar ni wa Inna. Kowa na hamdala, ni kuwa na rasa wace ce tawa a cikinsu, na fashe da kuka.

Har Yaya ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Amma ran nan, a motar komawa, fuskarta na kallon taga, ta damƙe bakin zanena ba ta saki ba har Roni.