Kazar da ke Cin 'Ya'yan Dara

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, muna buga lido da abokaina ta kiran bidiyo, kamar yadda muka saba tun da neman abinci ya watsa mu, wani a Kano, wani a Fatakwal, ni a Dutse. Sai uwargidana ta yi min magana daga tsakar gida, na waiwaya na amsa. Da na juyo, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kwantar da hankalinka, ba wanda ya taɓa maka ɗa. Lidon waya ba a yi masa maguɗi." Suka yi dariya. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba, don maganar ta ɗauke ni ta kai ni gindin wata tsamiya a bakin kogin Haɗeja.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Kirikasamma, a inda ruwa ne ke yanka wa mutane lokaci. Da damina kogi ya cika ya tumbatsa, maza su kwana biyu suna gyaran jinga, a shiga gona a kwale-kwale. Idan kaka ta yi, aka yanke shinkafa, ruwa ya fara ja da baya, sai ya bar wani rairayi mai laushi da danshi a gindin tsamiyar nan. Ƙauyen duk ya ɗauki ƙamshin bandar kifi. A wannan lokacin ne Fulani ke gangarowa fadama da shanunsu, kuma a lokacin ne kakana ke fara leƙen hanya, kodayake ko za ka yanka shi ba zai yarda cewa jiran wani yake yi ba.

Wanda yake jira wani Bafulatani ne dogo, siriri, mai malfa, sa'ansa. Kakana kuwa asalinsa Babarbare ne, ka kuwa san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun daga nesa za ka ji kakana ya ɗaga murya: "Ga bawana nan ya dawo gun ubangijinsa!" Shi kuma ya ce, "Bawa, tashi ka karɓi sandar maigidanka." Ban taɓa jin sun kira juna da suna ba. Kafin su gama tambayar iyali, yatsunsu sun riga sun fara haƙa gidajen dara a rairayi.

Ƙasarmu ba ta da tsakuwa, don haka kakana da ƙwallayen aduwa yake wasa, abokinsa kuma da guntayen kara. Kowa ya dasa nasa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa gida-gida. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa ɗaya. Wasan ke nan, amma mutanen nan biyu sai su wuni a kai, har inuwar tsamiya ta bar su ba su sani ba. Ni aikina in zauna in yi shiru, in kuma sha ragowar nonon da baƙon ya kawo.

Kakana yana da wani hali: ba ya barin sallama ta faɗi ƙasa. Ko masunci ne ya gifta a kan gorarsa daga tsakiyar ruwa ya ce salamu alaikum, sai kakana ya juya gaba ɗaya, ya tambaye shi gida, da yara, da kamu, da ciwon ƙafar gyatumarsa. To, a daidai nan ne hannun Bafulatanin nan zai sulalo, ya ɗauke ƙwallon aduwa ɗaya, ya dunƙule. Kakana ya juyo, ya dubi dara, ya ce, "Kai bawana, ina ɗana?" Shi kuma, ba ko kunya, ya dubi sama ya ce, "Kaza ta tsince." Alhali babu kaza ko ɗaya a bakin kogin nan.

Abin ya daɗe yana ci min rai. Wata rana muna komawa gida na kasa haƙuri, na ce, "Kaka, wallahi a hannunsa yake ɓoyewa, na gani da idona." Ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Ɗan nema, an gaya maka makaho ne ni? Da ɗaya a hannun nasa ma ina cinye shi. In na cinye shi da 'ya'yana cif, baɗi wata fadamar zai nufa." Ban gane ba a lokacin. Na dai ɗauka tsofaffi ba su san zafin cuta ba.

Shekaru suka tura. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, makiyaya ta zama gonaki, 'ya'yan Bafulatanin suka kwashi shanu da tsohonsu suka yi ƙasar Bauci. Wata ambaliya ta cinye mana rabin gida, baffana ya ɗauko kakana ya dawo da shi cikin garin Haɗeja. Ya zauna a zaure, gwiwa ta ƙi, ido ya rage, amma bakin nan yana nan. An kawo masa masu dara daga unguwa, ya buga da su sau ɗaya ya ce ba su iya ba. Da aka matsa masa, sai ya ce, "Sun cika gaskiya."

Sai ga labari ya zo ta bakin wani mai sayen shanu a kasuwar Malam Madori, cewa tsohon Bafulatanin nan ciwo ya shanye masa ɓarin jiki. Ba ya magana, kuma wai ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Daga ranar kakana ya canza. Tuwo ya dawo kamar yadda aka kai shi, tsokanar da yake yi wa jikoki ta ɗauke. Da na zo hutu na zauna kusa da shi, sai ya ce, "Duk waɗanda suka san ni da ƙuruciya sun tafi, saura shi. In shi ma ya manta ni, to wa ya rage?" Na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona.

Na nemi lambar babban ɗan tsohon, na same shi, muka yi shawara. Na ce ya samo ƙwallayen aduwa da kara, ya haƙa dara a gaban mahaifinsa. Ni kuma, da iyayina, na sayo wani allon dara na katako mai sheƙi. Kakana ya shafa shi ya ce, "Wannan ai sai a yanka albasa a kai." Dole na ɗauki buhu na hau babur har bakin kogi na ɗebo rairayi, muka zuba a zaure, ya yayyafa ruwa, ya haƙa gidajen da yatsansa. Tsarin shi ne dara biyu, wasa ɗaya: abin da kakana ya dasa a nan, ɗan ya dasa masa a can, abin da tsohon ya dasa a can, ni in dasa masa a nan.

Da hantsi muka kira. Na jingina wayar da buta. Fuskar ta fito, ta rame, baki ya karkace, babu malfa. Kakana ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ce, "Bawana, ka gaida ubangijinka." Idon tsohon yana kallonmu kamar yadda ake kallon bango. Kakana ya sake faɗa. Ɗan ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, haka yake yi wa kowa."

Kakana ya ɗauki aduwa ya dasa. Ɗan ya dasa irinta a can. Muka jira har na fara tunanin kashe wayar. Can sai hannun hagu, mai lafiyar, ya miƙo ya ɗauki kara ya soka a gida. Na yi hamdala a fili. Amma ɗan, mutum ne mai gaskiya, ya ce, "Wannan kam yana yi, Baba. Ko yara ne suka haƙa a gabansa yakan dasa." Wato hannu ne ya tuna, ba mutumin ba. Na ga kafaɗun kakana sun sauka.

Suka gama dashe, aka fara turawa. Kwatsam sai kakana ya juya wa wayar baya, ya fuskanci ƙofar zaure, ya ce da ƙarfi, "Wa alaikumus salam! Maraba, maraba! Yaya gida? Yaya yara? Yaya ƙafar gyatuma?" Na dubi ƙofa, babu kowa, ko akuya. Na ce shi ke nan, baƙin ciki ya taɓa namu tsohon shi ma. Ya yi ta gaisawa da iska, bai gajarta ko ɗaya ba.

Sai muka ji ɗan yana ce wa mahaifinsa, "A'a, Baffa, ba a haka. Kawo in mayar. Baba, ku yi haƙuri, ya ɗauke muku ɗaya, rikicewa ce."

"Kar ka taɓa!" in ji kakana. Ya juyo a hankali, ya dubi wayar, ya ce, "Kai bawana, ina ɗana?"

Tsohon ya ɗaga ido sama. Hannunsa a dunƙule a kan cinya. Karkataccen bakin nan ya yi ta kokawa, ya yi ta kokawa, sannan kalma ɗaya ta fito, a daƙile amma kowa ya ji ta: "Kaza."

Kakana ya yi dariya har ya kwanta a kan rairayin, ya rushe darar, hawaye na bin gemunsa. Yana cewa, "Ɓarawo! Yana nan! Wallahi yana nan!" A can ɗan ya saki wayar, muka koma kallon rufin ɗaki muna jin kukansa. Ranar kakana ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Sun yi ta bugawa duk Juma'a har damina ta faɗi, kuma ba a taɓa tashi kaza ba ta ci ɗa ba. Tsohon ne ya fara tafiya, kakana ya bi shi kafin a yanke shinkafa. Allah Ya jiƙansu, Ya haɗa su a inuwar da ta fi ta tsamiya.

Yanzu ga mu, kowa da wayarsa, muna ganin juna daga nesa, kuma ba na raina wannan ni'ima, don na ga abin da ta yi wa kakana. Abokaina suna yabon lidon waya, wai na'ura ce ke tsaron 'ya'yan kowa, ba cuta ba gardama. Gaskiyarsu ne. Sai dai wani lokaci, muna tsakiyar wasa, nakan juya in amsa sallamar da ba wanda ya yi, in ja ta da tsawo. In na juyo, kullum 'ya'yana suna nan cif.