Saura Yatsa Uku

Douwe Postma ba ya shiga gidansa kai tsaye. In ya dawo daga waje sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya miƙa ƙafa ɗaya, ya jira zomanyarsa Saar ta zo ta goga haɓarta a takalminsa. Haka zomo ke sa wa abinsa alama, da wani ƙamshi da hancin mutum ba ya ji. Sai ta gama zai cire hula.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaga gadar ƙauyen don jiragen ruwa su wuce, kuma a nan ya koyi jira. Bai taɓa aure ba. Ƙanwarsa Aukje, da ke zaune a tsallaken ruwa, ita ke kawo masa miyar wake duk Laraba, haɗe da tsiya.

"Yaya, mutum da gidansa sai ya nemi izinin zomo?"

"Ai gidanta ne. Ni baƙo ne."

"To baƙo, matsa in wuce, miya za ta huce."

Da sanyi ya fara shigowa, namijin zomon da Saar ta yi shekara shida tare da shi ya mutu. Ta koma bayan murhu ta lafe, ganye ma sai an lallaɓa take taɓawa. Likitan dabbobi ya ce bai ga ciwo ba. A watan ne kuma asibiti suka sa wa Douwe ranar aikin zuciya, saura mako uku. Kekensa kawai ya hau, ya tafi gidan da ake ajiye dabbobin da ba su da mai su, ya dawo da wani zomo ruwan toka a kwando, wai shi Pim. Ba ya so ya tafi ya bar Saar ita kaɗai.

Saar na ganin baƙon ta yi gurnani, ta doka ƙafar baya a ƙasa har cokula suka motsa.

Aukje ta ce, "Ka sake su wuri guda mana, su daidaita."

"Su yayyaga juna? Hancinta bai san shi ba tukuna."

Ya kafa keji biyu na waya a kicin, da tazarar taƙin hannu biyu a tsakani. Kullum da safe sai ya ɗebi busasshiyar ciyawar wannan ya zuba wa wancan, ya musanya musu kwano, ya matso da kejin faɗin yatsa ɗaya. Daga nan ya zauna a ƙasa da kofinsa, yana saurare. Gurnani, in ji shi, ja da baya ne. In zomo ya ciji haƙora da ƙarfi, ciwo yake ji. Amma akwai wata 'yar ƙara a hankali, kamar ana murza tsakuwa biyu cikin aljihu, wannan kam daɗi ne.

"Aukje, saurara. Kin ji?"

"Ni agogo kawai nake ji."

"Ke dama tun muna yara kanki kawai kike ji."

A rana ta goma sha biyu Saar ta shinshina kwanon Pim, ta goga masa haɓa, ta cinye abin da ke ciki tas. Douwe ya daɗe yana share tabarau.

Abin da ya rage shi ne a haɗa su a wurin da babu ƙamshin kowa. Ya kwashe kayan ɗakin baya, ya wanke daɓen da ruwan tsami, ya ce sai Lahadi. Ranar Alhamis asibiti suka bugo waya, suka ce an matso da ranar aikin, gobe da safe suke son ganinsa.

Aukje ta ce, "To haɗa su yau, Yaya. Ga ni, sai in riƙe ɗaya."

Ya durƙusa da ƙyar, ya auna tazarar da hannu.

"Saura yatsa uku. In na gaggauta, duk abin da na tara ya zube. Bari in dawo."

Aukje ta juya tana kallon taga, ta ce masa ya sa safa mai kauri cikin jaka.

Kwana tara bayan haka ta buɗe gidan da makullinta, sanye da baƙar rigar makokin yayanta. Ɗakin baya na nan a share, yana ɗan warin tsami. A kicin ta tarar da zomayen kwance, kowa a jikin wayarsa, hanci na fuskantar hanci, da yatsa ukun nan a tsakaninsu.